Birkin Auta

Aikin kamfanin guda ɗaya ne: wata manhaja da ke karɓar rubutun masu shirya manhajoji ta mayar da shi abin da kwamfuta ke ganewa. A ofis Tafinta suke ce mata. Dogo ya fi kowa daɗewa a kanta, kuma sashen kurakurai nasa ne. In mai rubutu ya manta waƙafi ko ya buɗe alamar baka bai rufe ba, sashen Dogo ne ke nuna masa wurin, ya yi faci, aiki ya ci gaba. Alfaharinsa shi ne Tafinta ba ta taɓa tsayawa.

Shi ya kawo ƙanwarsa Auta kamfanin. Shi ya samo mata teburi kusa da taga, ya koya mata yadda ake lallaɓa firintar da ke cin takarda.

To amma akwai kuskuren da faci ba ya yi masa magani, kamar in lissafin Tafinta da kanta ya rikice, ko wurin ajiyar kwamfuta ya cika. A nan ma sashen Dogo daurewa yake yi, ya fitar da fayil rabi lafiya rabi shirme, abokan ciniki su ɗauka, su dawo da faɗa. Sai Auta ta rubuta wani ɗan guntun abu da bai cika allo ba. Da zarar an kai inda ba gyara, sai ya tsayar da komai, ya faɗi inda aka lalace, ya goge fayil ɗin da aka fara, ya fita. Aka sa masa suna Birkin Auta.

Sunan ne ya tsaya wa Dogo a rai. Ya yi shekaru yana rubutu, ba a taɓa cewa Facin Dogo ba.

Har gida maganar ta bi shi. Mama tana miƙa masa ruwa ta ce, "An ce ƙanwarka ta sa wa injinku birki. Kai Dogo, da can ba birki kuke tafiya?"

"Ba mota ba ce, Mama."

"Yaya ne ya koya mini komai," in ji Auta daga bakin ƙofa.

Da ma ta yi shiru, da ya fi masa sauƙi.

Da Manaja ya ce zai haɗe duk harkar kurakurai a hannun mutum ɗaya bayan taro mai zuwa, sai Dogo ya ajiye nasa aikin ya hau karanta birkin layi-layi. Ya so ya same shi da aibi, bai samu ba. Sai a karatu na kusan ƙarshe ya ga abin. Kafin birkin ya rubuta saƙonsa, yana neman ɗan wurin ajiya da zai tsara kalmomin. In kuwa cikar wurin ajiyar ce ta jawo kiransa, ba zai samu ba. Rashin samun kuma kuskure ne marar gyara, don haka zai sake kiran kansa, ya sake, har kwamfuta ta sandare, fayil mai shirme yana nan ba a goge ba.

Teburinta na nan gefensa. Bai gaya mata ba. Ya ci abincin rana da ita, ya mayar da ita gida a motarsa, har ya rage rediyo don ta yi waya.

Ranar taro ya bari ta gama bayani, Manaja ya gama gyaɗa kai, sannan ya ce yana da ɗan gwaji. Ya ɗora wa Tafinta wani ƙaton rubutu da ya shirya. Fankar kwamfutar ta fara kuka. Allon bango ya tsaya cak. Ba saƙo, ba fita.

"Birkin ya tsinke," in ji Dogo, yana duban farcensa.

Auta ta taso ta tsaya a bayansa, ta daɗe tana kallo.

"Wurin ajiya ya ƙare, ni kuma na je roƙonsa," ta ce. "Kai, Yaya. Yaushe ka gani?"

"Kwanan nan."

Ta dube shi. Ta jawo kwamfutarsa gabanta, ta kashe ta sake kunnawa. Ta sa Tafinta ta riƙa keɓe ɗan wuri tun farkon aiki, ba mai taɓa shi sai birki. Ta ƙara sharaɗi cewa in an kira birki yana cikin aiki, ya goge fayil ya fita, ko uffan kada ya ce. Aka sake gwajin Dogo. Saƙo ya fito, fayil ya ɓace, fanka ta yi shiru.

Manaja ya rufe alƙalaminsa. "Auta, sashen naki ne. Dogo, ban taɓa ganin wanda ya karanta aikin wani da irin wannan naci ba. Daga yau duk abin da ta rubuta, ta teburinka zai bi kafin ya fita."

A mota ba wanda ya kunna rediyo. Sai da suka tsaya a danja ta ce, "Mama za ta tambaya yadda aka yi."

"Ki ce birki ya gyaru."

"Zan ce kai ka gano."

"Kada ki ce komai."

Washegari ya tarar da sabon aikinta yana jiransa a allo. Ya gyara zama, ya matso da kujera, ya fara daga layin farko.