Wanda Ya Gani Bai Ce A Kauce Ba

A aikin rufin gini, mai jefo abu daga sama ba ya leƙawa. Wanda ke bakin rufin ne zai duba ƙasa ya ce, "A kauce!" sannan a saki. Haka Yaya ya koya min.

Ranar da abin ya faru ni ne a bakin rufin, ƙusoshi huɗu a bakina. Na ga wani mai gyaran takalmi zai gifta ta gindin ginin, na ce bari in buga wannan tukuna. Yaya ya saki guntun katako. Mutumin bai kai asibiti ba.

Alƙali ya ce ganganci ne, ya ɗaure Yaya shekara uku. Babu wanda ya tambayi wa ke bakin rufin, ni kuma ban ce uffan ba.

Wata biyar ina cin abinci a gidan Yaya, matarsa tana ƙara min nama tana cewa, "Ci, ƙanin miji, kai kaɗai ka rage mana."

Ranar da na kai ziyara gidan yari na tarar an yi wa Yaya aski ƙwal. Gandiroba yana tsaye a kanmu yana sakace.

"Dogo, ka rame," in ji Yaya. "Ni aka ɗaure ko kai?"

"Yaya, na gan shi. Sarai na gan shi, ban yi magana ba. Gobe zan je wajen lauya."

Ya daɗe yana murza hannuwansa.

"Na sani. Ban ji muryarka ba, kuma na saki. Rana ta dafa ni, so nake in sauka."

"To ai mu biyu ne."

"Shekara nawa muna jifa? Sau nawa muka saki ba sanarwa? Babu kowa a ƙasa ne kawai, shi ya sa muke mutanen kirki."

"In na faɗa za su rage maka?"

"Su ƙara tabarma ɗaya dai. Wa zai kai yara makaranta, wawa?"

"To ni wa zai hukunta ni?"

Gandiroba ya ce lokaci ya yi. Yaya ya miƙe.

"Mutumin yana da uwa. Ba ta iya tafiya, ko kotu ba ta zo ba. In alƙali kake nema, ga ta can."

Ban je wajen lauya ba. Sau biyu ina zuwa ƙofar tsohuwar ina juyawa. A na uku na yi sallama.

Daga ciki ta ce, "Wane ne?"

Na ce, "Mama, ni ne wanda ya ga ɗanki yana tahowa."