Amsa Goma Kafin Tambaya Ɗaya

"Ba a yarda sabo ya yi tambaya ba," Auta ya sake faɗa, kansa na kan waya.

"To me ya kai ka shiga?" in ji Yaya. Tana tsaye a ƙofar akurki da kayan aikinta na asibiti, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. "Zauren da ba a tambaya, gaisuwa ake zuwa yi?"

"Ana tambaya. Sai ka amsa wa mutum goma tukuna."

"Kai? Kai da ba ka san kaza ba sai a cikin tukunya?"

Kajin nan Yaya ce ta sayo masa su suna 'yan tsaki, bayan sakamakon jarrabawarsa ya fito ba yadda ake so ba. Ta ce ko ya riƙe su su girma, ko ya tafi shagon Kawu ya riƙa sauke buhunan siminti. Kawu kuwa ya ƙosa, kullum sai ya tambayi Yaya ko an gama wasan kajin.

Shekaranjiya suka fara ciwo. Suka saki fukafukai, suka taru a kusurwa guda, kashinsu da jini-jini. Jiya da yamma Auta ya shiga Zauren Masu Kiwon Kaji a wayarsa, inda aka ce likitan dabbobi na amsa tambaya kyauta. Yana shiga aka manna masa hoton ƙwai a gefen sunansa. Haka tsarin yake: sabo ƙwai ne, wanda ya cika amsa goma ya zama zakara. Ƙwai ba ya tambaya, ba ya tura hoto, ba ya magana da likita.

Karatu dai ba a hana shi ba. Ya lalubo wata tsohuwar tambaya mai kama da tasa. A ƙarƙashinta wani mai kiran kansa Sarkin Akurki, da jan zakaransa a gefe, ya rubuta: a zuba gishiri cikin hannu a ruwan shansu, yana wanke ciki. Mutane da yawa sun ɗaga wa amsar yatsa. Auta ya zuba. Da safe ya kwashe matattu a bokiti.

"Ka ɗauki ɗaya ka kai ofishin likitan," Yaya ta ce, tana saka ɗayan takalmin. "Da ƙafarka, ba da yatsa ba. In na dawo na tarar da akurkin nan shiru, ni da kaina zan raka ka wurin Kawu."

Ya ƙulle gawar ɗaya a leda ya hau bas. Matar da ke kusa da shi ta shinshina, ta dube shi, ta matsa jikin taga. Ya kwantar da ledar tsakanin ƙafafunsa ya buɗe zauren. An wayi gari da gaisuwa. Zakaru sun jeru suna yi wa juna barka da safiya da hoton furanni, wani ya turo hoton kansa a gaban motar da ba tasa ba. Admin, mai kula da zauren, ya sake manna dokoki, ya ce wasu sababbi ba su da tarbiyya.

Ofishin likitan a rufe yake da kwaɗo. A jikin ƙofar an rubuta cewa likita na wurin taro, masu neman shawara su shiga Zauren Masu Kiwon Kaji. Auta ya daɗe yana kallon rubutun. Sannan ya tsallaka titi zuwa kasuwa, shagon mai sayar da abincin kaji, wanda shi ne babban admin.

Ya same shi zaune a kan buhun dusa da wayoyi biyu a cinya. A kasuwa mai dusa ake ce masa, a zaure kuwa Shugaba.

"Ranka ya daɗe, kajina ne ke mutuwa. Hoto ɗaya kawai nake so in tura wa likita."

Shugaba bai dubi ledar ba. "Amsarka nawa?"

"Ban fara ba."

"To ka ga irinta." Ya juya ga maƙwabcinsa mai sayar da robobin ruwa. "Yaran yanzu kowa so yake ya karɓa, ba mai son bayarwa. Da ba mu sa doka ba, da zauren nan ya zama asibitin kyauta. Mutum ya shigo, ya yi tambaya, ya samu amsa, ya ɓace. Ko na gode babu."

"Ai ba abin da na sani da zan amsa."

"Kowa ya san wani abu. Ba ka yi makaranta ba?"

"Na yi."

"To ka rubuta. Amma ban da 'Allah ya sawwaƙe', wannan ba ma ƙirga shi. Shawara muke so, mai nama a jiki."

"In na tsaya yin goma, za su ƙare."

"Ni ma da ƙwai na fara," in ji Shugaba, shi da ya kafa zauren da hannunsa. Ya ɗaga waya ya fara naɗar murya: "Jama'a barkanmu, ina ƙara tunatarwa a kan ladabi..."

Auta ya jefa ledar a kwandon shara na bakin kasuwa ya koma tasha. A cikin bas ya fara aiki. Wani ya tambayi ko za a iya haɗa agwagi da kaji, ya ce ana iyawa amma a kula. Wani ya tambayi me ke sa kaza cin ƙwanta, ya ce yunwa ce. Wata ta ce zakaranta ba ya cara, ya ce a canza masa wuri. Bai taɓa kiwon agwagwa ba, bai taɓa mallakar zakara ba. Amsa ta farko ta ɗan yi masa nauyi. Ta huɗu kuwa yatsansa ne ya rubuta ta, shi yana kallon titi. Abin da ya fi ba shi haushi, har an fara ɗaga masa yatsa.

Ya iso gida yana da tara. Ya leƙa akurki. Wasu sun ƙara kwanciya, sauran sun yi cincirindo a kan robar ruwa suna sha kamar ba su taɓa ganin ruwa ba. Ya ɗauka alamar sauƙi ce, ya ƙara musu na gishirin. Ya zauna a kan bulo yana neman tambaya ta goma.

Ya same ta a wurin wata mai kiran kanta Maman 'Yan Biyu. Ta rubuta cewa kajinta sun saki fukafukai, kashinsu da jini, da su take ciyar da yaranta, don Allah a taimaka. Tun safe ba wanda ya amsa mata, zakaru suna can suna gardamar wa ya fi cancanta ya zama mataimakin admin. Auta ya ji wani abu kamar daɗi: wannan kam ya san amsarta. Ya rubuta: a zuba gishiri cikin hannu a ruwan shansu, yana wanke ciki.

Ƙwan ya fashe a kan allon waya, jan zakara ya fito. Shugaba ya rubuto: "Muna taya sabon zakaranmu murna. Haka ake son matasa." Hotunan tafi suka biyo baya, da na furanni.

Ya tura hoton kajinsa, ya rubuta duk abin da ya gani da abin da ya ba su. Ya jira. Rana ta juyo kan akurkin, kwanon rufi ya ɗauki zafi. Ya share ƙasa, ya kwashe wasu biyu a bokiti, ya dawo kan bulo.

Likita ya amsa a taƙaice. "Wa ya ce ka ba su gishiri? Shi ke ƙarasa su. Zubar da ruwan yanzu, ka ba su mai kyau. Ina cikin taro, in na fito zan rubuto maka sunan magani a nan."

Auta ya tashi da gudu ya kifar da robar. Ya wanke ta, ya sake wankewa, ya cika da ruwan famfo. Da ya zauna sai ya nemo Sarkin Akurki, ya danna sunansa, tunda zakara yana da damar duba tarihin ɗan'uwansa. Amsa goma ne cif, duk a ranar da ya shiga zauren. Ya ba da shawara a kan agwagi, a kan talotalo, a kan farashin keji. Ta gishirin ita ce ta bakwai. Bayansu tambaya ɗaya tak ya taɓa yi: kajinsa sun ƙare, akwai mai sayen robobin ruwa da fitila? Daga nan bai sake magana ba. Zakaransa dai na nan, ja wur.

Auta ya koma kan amsarsa ta goma. An ɗaga mata yatsa har sau da yawa, Shugaba ma ya ɗaga. Ya danna wurin gogewa, sai gargaɗi ya fito: amsar da mai ita ya goge, ko ya janye da bakinsa, ba ta cikin lissafi. Wanda ya gaza goma ya koma ƙwai, tambayarsa kuma a sauke ta.

Ya kira Shugaba.

"Amsar da na bayar ba daidai ba ce. Ku cire ta, ko ku gaya wa matar."

"Wace amsa? Ai ta samu karɓuwa."

"Likita ya ce gishiri kashe su yake."

"To likita ya faɗi nasa, kai ka faɗi naka. Shi ya sa ake ce masa zauren tattaunawa. In kana son janyewa ka janye, doka ta tanadi haka. Sai ka nemo wata ka cike, a sake duba maka gobe."

"Gobe?"

"Ni ma ina da shago, ɗan samari." Ya kashe.

Yaya ta dawo da la'asar. Ba ta shiga ɗaki ba, akurki ta wuce. Ta daɗe a tsaye tana kallon waɗanda suka rage. Ba su kai rabi ba, amma wasu sun fara tsattsagar abinci.

"Likitan ya ce me?"

"Zai rubuto magani."

"A ina?"

"A zaure."

"Ashe an bar ka ka yi tambayar."

"Na zama zakara."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Sannu, zakara. In maganin ya zo ka kira ni, kafin a rufe shago." Ta cire takalmanta ta shige ciki.

Ya zauna da wayar a hannu biyu. A saman allo an nuna likita ya shigo zaure, yana karanta tambayoyin da suka taru, daga ta farko. Tasa tana can ƙasa. Wata kaza ta taso daga kusurwa da ƙyar, ta kai baki ruwa, ta ɗaga kai ta haɗiye.

Wayar ta yi ƙara. Ba likita ba ne. A ƙarƙashin amsarsa ta goma ne aka yi rubutu, inda kowa ke gani, har da Shugaba.

"Na gode ɗan'uwa, Allah ya saka. Da na ga zakara ne ya amsa sai hankalina ya kwanta. Na ba su tun ɗazu, sai shan ruwa suke yi, biyu sun kwanta. In ƙara musu gishirin ne?"