Motar da Ta Tare wa Gawa Hanya

A lungun da ke bayan Ƙofar Mazugal motar Zaharaddeen ta ɗauke wuta ɗif. Ya murza makulli, ko fitilar gaban direba ba ta kawo ba. Lungun kuwa ƙunci gare shi, motar ta cike shi bango da bango. Sai ga jama'a sun ɓullo ta bayansa, ɗauke da gawar maƙwabcinsa Baba Mailafiya, za su maƙabarta.

Ya fito ya buɗe bonet. Ya girgiza kan batir, ya kankare tsatsar da makulli, ya buga da dutse, ya zare fis ya mayar. Shiru. Aka gwada turi, giyar ta ƙi fita.

"Don girman Allah ku yi mini haƙuri," ya ce, hawaye na zubo masa.

Nura, babban ɗan mamacin, ya dafa kafaɗarsa. "Malam Zaharaddeen, bar ta haka. Hau sama ka karɓa mana."

Ya cire takalmi ya hau. Da hannunsa aka miƙa makarar ta saman motar, sannan ya sauko ya bi su.