Wata Huɗu da Kwana Goma

Ni dai ban yafe wa Alhaji Ɗan Juma ba, kuma duk mai cewa in yafe, ya ja kujera ya zauna ya ji abin da ya yi mini tukuna.

Shi da mijina Bukari tare suka tashi a Damagaram, tare suka zo Lyon, tare suka buɗe kanti a Guillotière suna sayar da gero, aya, busasshiyar kuɓewa da atamfa. Da Allah ya sa wa abin albarka, suka kama mangaza ta ajiyar kaya a Saint-Fons, suka mai da kasuwancin kamfani mai hannun jari dubu ɗaya. Bukari na da ɗari uku da arba'in, sauran na Alhaji ne da ƙanensa Rachidou. Wata rana ina yanka albasa Bukari ya ce mini, "Zouera, ki riƙe wannan. Dokar da muka rubuta ta ce ba a sayar da kamfanin nan sai masu kashi biyu cikin uku sun yarda. Namu ya ɗan haura kashi ɗaya cikin uku. In muka ce a'a, to a'a ce." Na ce masa to, na ci gaba da albasata.

A watan Maris na 2011 zuciyarsa ta tsaya, yana tsaye a bakin mangaza ana sauke kaya. Alhaji ne ya wanke shi. Shi ya tsaya a sahun gaba, shi ya yi takardun kai gawa gida, ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe. Wallahi ranar ni ce na riƙa ba shi haƙuri.

Na shiga takaba a gidanmu na Rillieux, hawa na shida. Wata huɗu da kwana goma ban taka ko ƙofar bene ba, don haka aka yi wa uwata, haka aka yi wa kakata, kuma ba zan rage wa Bukari ko yini ɗaya ba don muna ƙasar Turawa. Ranar sadakar bakwai Alhaji ya tsaya daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce, "Maman Aishat, ki ji da takabarki. Duk wata takardar kamfani ki bar mana. Ba ya kyautu mai takaba ta sa kanta cikin sha'anin duniya." Kowace Juma'a kuwa sai ya aiko mini da shinkafa da mai. Ni kuma, sakarya, bayan kowace salla sai na sa shi cikin addu'a. Wannan addu'ar ita ce ta fi ƙona mini rai har yau.

Da na fita takaba na koma kanti, na zauna a kujerar Bukari, inda rigarsa ta sanyi ke rataye a bayan ƙofa. Ban yi wata biyu ba Alhaji ya kira ni biro, wato ofis, ya ce wani babban kamfani na Paris na son sayen komai, kanti da mangaza, za su cire sunanmu su sa nasu. Na ce ba da ni ba, gumin mijina ba na sayarwa ba ne.

Sai ya yi murmushi. Kai, murmushin nan! Ya ce, "A'arki ba ta kai ba yanzu, Maman Aishat."

Ashe ina cikin takaba suka yi taro shi da Rachidou. Suka ce ribar shekara za a raba ta da sabbin hannayen jari, kowane goma a ƙara masa ɗaya, amma sai wanda ya amsa takarda cikin kwana goma sha biyar. Wanda bai amsa ba, a zuba masa kuɗi a banki. Su suka amsa, nasu ya ƙaru. Ni talatin da huɗu ya kamata a ƙara mini, ba a ƙara ba, sai rabona ya faɗo ƙasa da kashi ɗaya cikin uku.

"An aiko miki da takarda," in ji shi, "ke ce ba ki amsa ba."

Na dube shi, na dubi tabon salla a goshinsa. Na fita na tsaya a bakin hanyar taram, jirgin cikin gari, cike da fushi.

Akwai wata aboka, wato lauya, Maître Nadia, 'yar Aljeriya, da ke zuwa sayen zoɓo a wurinmu. Na kai mata kukana. Ta ce in ba ta mako biyu. Ta dawo da wata 'yar guntuwar takarda daga gidan waya, irin wadda ake sa wa hannu in an karɓi wasiƙa. An aika wasiƙar kuwa, gaskiyarsa. Amma da sunan Bukari aka aika ta, kwana goma sha tara bayan rasuwarsa, kuma kanti aka kai ta, ba gidana ba. Wanda ya sa hannu ya karɓa, Alhaji Ɗan Juma.

Muka kai ƙara. Tirƙashi! Sai ga dattawan Nijar na Lyon sun cika mini falo. "Hajiya, ya za ki kai aminin mijinki gaban alƙalin Nasara? A sasanta mana a masallaci." Na ce musu lokacin da ake yanka ni a ɗakin takaba ina masallacin yake? Mata suka daina gaishe ni a wurin suna. Ko a jikina.

A kotu Maître Nadia ba ta yi dogon surutu ba. Ta ajiye takardar gidan waya gaban alƙali, ta ajiye takardar kai gawa Damagaram kusa da ita. Sa hannu iri ɗaya, har da 'yar wutsiyar da yake ja a ƙarshe. Alƙalin ya ce, "Monsieur, kai ka tura gawar mutumin nan, sa'an nan ka aika masa wasiƙa kana jiran amsa?" Alhaji ya ce kuskuren sakatare ne. Kamfanin nan bai taɓa samun sakatare ba tun da aka kafa shi.

Ya faɗi, ya ɗaukaka ƙara, ya sake faɗi. Shekara biyu muka kwashe. A 2013 aka ce in mai da kuɗin da suka zuba mini, a ba ni talatin da huɗuna. Kuɗin na nan yadda aka zuba su, ko burodi ban saya da su ba.

Mutanen Paris kuwa ba su fasa ba, har ƙara farashi suka yi, amma suka ce ƙarshen watan Yuni ne iyakarsu. Alhaji ya riga ya tona harsashin otal a Yamai, ya gaya wa duniya da lahira zai koma gida ya huta. Yanzu kuma babu ciniki sai da hannuna. Ya hawo hawa shida da ƙafarsa, don ranar asansar da ke hawa da mutane ta lalace, ya durƙusa yana haki, ya ce shaiɗan ne, in dubi zumunci. Na ba shi ruwa. Na ce to, mu je Paris ɗin in ga mutanen da idona.

Ya saya mana tikitin jirgin ƙasa na manya, ni da Maître Nadia. A hanya ta karanta takardun, ta ce mini a hankali, "Madame Zouera, in gaya miki gaskiya, farashin nan mai kyau ne. In kika sa hannu ba za ki sake tsayuwa a kanti ba har ƙarshen rayuwarki." Na ce na ji. Da muka sauka ya kai mu gidan abinci, na ci nama, na ƙara, na sha shayi a tsanake yana ta duban agogo.

Biron nasu duk gilashi ne. Turawa uku a gefe ɗaya, Alhaji da Rachidou sun sha manyan riguna kamar masu zuwa ɗaurin aure. Suka sa hannu. Aka turo mini takardar da alƙalami. Na ɗauka, na juya shafi, na mai da alƙalamin na ajiye.

Na ce da Faransanci, yadda kowa zai ji, "Ina buƙatar lokaci in yi tunani."

Babban cikinsu ya ce babu laifi, kwana nawa?

"Wata huɗu da kwana goma."

Baturen ya yi 'yar dariya, ya ce wataƙila Madame ba ta gane ba, saura kwana goma sha biyu tayin ya rufe, kuma ba za su sake buɗe shi ba. Na ce na gane sarai. Su ba su san abin da adadin ke nufi ba, amma Alhaji ya sani. Na ga fuskarsa ta zube.

"Maman Aishat," ya ce da Hausa, muryarsa ƙasa-ƙasa, "don Allah, don Annabi. Don darajar Bukari."

Da ya ambaci sunan sai na ji wani daɗi ya sauka mini har tafin ƙafa, kuma ban ji kunyar daɗin ba. Na tattara takardun na sa a jakata, na gyara mayafina.

"Ka koma gida ka ji da kanka, Alhaji," na ce masa. "Takardun kamfani ka bar mini."

Da safe na buɗe kanti da kaina, rigar Bukari na nan a bayan ƙofa. Ranar Juma'a kuwa na aika masa da shinkafa da mai.