Lambar da ta hau kan kilishin Alhaji Ilu

Duk Ƙofar Mazugal babu wanda bai san kilishin Alhaji Ilu ba, kuma ba ya da abin tinƙaho sai sunansa na mai nama tsarkakakke. Surukinsa Nazeer ne ya matsa masa ya buɗe shafin intanet, wai don mutanen Abuja su riƙa yin oda.

Ran nan bayan la'asar Alhaji ya taɓa adireshin a waya don ya nuna wa abokan hira. Babu hoton tiren kilishi, babu yaji. Sai farin fili da lamba ƙatuwa: 404.

Ya taɓa yin fataucin shanu a kudu, inda ya ji masu cin naman kare na kiran naman da wannan lambar. Ya tofar da yawu, ya ɗaga murya har ta kai bakin titi.

"Ni za a ce ina sayar da kare? Ni Ilu? A kira min Nazeer!"

Nazeer ya iso yana haki, ya tsuguna, ya karɓi wayar.

"Baba, ai ba zagi ba ne. Wayarka ce ta yi wa injin da ke ajiye shafin sallama. In ya samo abin da aka nema, sai ya amsa da 200, ba ka ma ganinta. In shi ne ya rikice, ya ce 500. Wannan kuwa cewa ya yi ya duba bai samu ba. Jiya na sauya wa shafin suna, na manta ban gaya maka ba."

"Duk lambobin duniya sai ta kare ya zaɓa?"

"Baba, kowa ita ake ba shi."

"To gyara, sakarai!"

Nazeer ya gyara nan take. Amma abin da bakin mutum ya ɓata ba ya gyaruwa a waya. Kafin Alhaji ya buɗe baki, babu mai alaƙanta lambar da kare a unguwar. Shi ya koya musu, da ƙarfi, a gaban masu shayi da 'yan adaidaita. Mutanen banza kuwa, ba su kwashi bayanin Nazeer ba, ƙazantar suka kwasa.

Washegari Malam Gwadabe, wanda ya shekara da shekaru yana saye, ya tsaya gaban tiren, ya sunsuna, ya ce, "Alhaji, yau dai na shanu ne ko?"

Ya yi dariya, ya wuce bai saya ba.