Faifan Bah Kyrshan Mai Tsalle

"Fasa shi, Kong Rida," in ji Bah Kyrshan. "Kafin a fitar da gawata daga gidan nan, ki fasa shi."

Ya miƙo mini faifan daga kan gadonsa na jinya. Ɗan ƙaramin faifan garmaho ne, waƙa ɗaya a kowace fuska. Shekara hamsin muna maƙwabtaka a unguwar Laban ta garin Shillong a Indiya, ban taɓa ganin ya bar kowa ya taɓa shi ba.

"Kai da ko kwai, goron garin nan, ba ka iya taunawa yanzu, kai ne mai ba ni umarni?" na ce, na tura faifan cikin mayafina.

Na san abin da ke cinsa. Tun yana saurayi ya kawo faifan daga Kalkata, waƙar wasu Turawa masu gashi har kafaɗa, jitarsu na ruri kamar tsawa. A hanya faifan ya karce. Idan kiɗa ya kai tsakiya sai allura ta yi tsalle, ta haɗiye bugu uku. Babu wani irinsa a duk Shillong, don haka da tsallen ya koya, da tsallen ya koyar da samarin gari. Sai wata shekara, a wajen gasa, wani alƙali baƙo ya tuntsire da dariya a gaban jama'a, ya ce, "Wa ya koya muku wannan gurguwar waƙa?" Tun daga ranar Bah ya rataye jitarsa. Har yau ina jin haushin mutumin nan.

"Kuskure na koya wa gari guda," ya ce, ya juya fuska bango. "Kada a tuna da ni da shi."

Ban fasa faifan ba. Na sauka tasha wajen Banteilang direba, ɗalibin Bah na farko, wanda furfura ta riga ta cinye, na kwashe labarin na faɗa masa.

Washegari da la'asar, ana yayyafi, mutum goma sha ɗaya suka cika barandar Bah da jita da ganguna. Har da Ibasuk 'yar Banteilang, wadda ƙungiyarta ta kiɗa ke wasa har Delhi. Na buɗe taga, na tokare Bah da matashi.

Suka fara waƙar faifan, kwanon rufi ya ɗauki rawa. Da suka doshi tsakiya na ga Bah ya runtse ido, yana jiran ya ji sun gyara wurin. Sai dukansu suka tsallake bugu ukun nan tare, ba wanda ya kalli wani. Wallahi tsigar jikina ta tashi.

"Ke Ibasuk," ya ce da ƙyar, "ba ki taɓa jin ta asalin ba ne?"

"Sau dubu, Bah, tana cikin wayata. Amma ko a Delhi muka yi tsallen nan, sai wani ya taso daga baya yana ihu, 'Yan Shillong ne!'"

Ya gyara kwanciya, ya ce, "To mai ganga ya yi saurin shigowa. Ku sake."

Suka sake har sau huɗu, yana buga yatsa a kan bargo.

Ranar Alhamis ya rasu. Bai ƙara yi mini zancen fasawa ba. Bayan an watse daga jana'iza na ɗora faifan a garmahonsa, na zauna ina yanka goron kwai. Kafin allura ta kai wurin tsallen, ƙafata ta riga ta ɗaga.