Kwamfutar Saturnino

Doña Eulogia Tarqui ba ta san kwamfuta ba, kwamfuta ma ba ta san ta ba. Dankali ta sani: na suya, na shanya a sanyi, da wanda ake lallaɓawa a sayar wa baƙo kafin ya farga. Amma ga ta ranar Lahadi a layin masu kayan lantarki na babbar kasuwar El Alto, da 'yar hularta a ka da baƙin mayafi, tana leƙa teburori ɗaya bayan ɗaya. Mijinta take so ta saya wa. Mijin kuwa, Saturnino direban bas, ya daɗe a ƙasa, wannan Nuwamban ne zuwansa gida na uku.

Matattunmu ba sa saɓa alkawari. Ranar ɗaya ga Nuwamba da tsakar rana suke sauka, su ci abin da aka jera musu a tebur, kashegari da tsakar rana a sallame su. Zuwa na uku shi ne na bankwana, daga shi sai mace ta tuɓe baƙin kaya ta koma cikin mutane. Abin da ke cin ran Eulogia shi ne, sau biyu yana zuwa ba ta gan shi ba. Shekarar farko wani ƙuda ya sauka a bakin kofin giya, dangi suka ce ga shi nan. Ta biyu harshen kyandir ya karkata, aka ce shi ne. Ita kuwa ba ƙuda ta aura ba. So take ta san yana nan, ko sau ɗaya, kafin a rufe ƙofar.

Kwamfutar ma tsohon burinsa ce. Da ransa ba ya wuce layin nan sai ya tsaya, hannuwa a baya, yana tambayar farashi kamar gobe zai saya, wai don ya riƙa kallon ƙwallo a tasha kafin layi ya zo kansa. Ita kuma ta ja hannun rigarsa ta ce baɗi.

"Mama, ƙaraso, gani kyauta ne," in ji wata mai tebur, mace ce ƙaƙƙarfa mai haƙorin zinariya, ana kiran ta Marleni. "Ta ɗa ce ko ta jika?"

"Ta maigida."

"Iye! Ashe har yanzu ana yin irinku. Ni nawa ko safa bai samu daga gare ni ba bana. To ga mai murfi, ta manya, ya buɗe ta a cinya kowa ya san ya isa."

Eulogia ta ɗaga kwamfutar da hannu biyu, ta jinjina ta yadda take jinjina buhun dankali, ta ajiye.

"Ta yi nauyi. Hanyarsa da nisa, ga shi da ciwon baya."

Marleni ta dubi baƙin mayafin, ta dubi sandunan rake da ke goye a bayan Eulogia, ta gane.

"Au, na tebur ne. Allah ya jiƙansa. To ai dokin burodin da ke ɗaukar musu kaya ba zai ɗauki mai murfi ba, sai dai ta hannu, mai kamar faranti. Amma Mama, don me za ki wahalar da kanki? Masu gasa burodi suna yin ta burodi, har da maɓallai. Ba wanda ya taɓa dawowa ya yi ƙorafi."

"Da ransa na yi masa wayo, ba zan ƙara masa a mace ba. Nuna min ta gaske."

Marleni ta jero mata guda uku, ta kunna kyamarar kowace don ta ga kyan hoto. Eulogia ta ga fuskarta a ta farko, wani ɗan akwati rawaya ya zagaye ta. Ta ja baya, akwatin ya bi ta. Marleni ta yi dariya ta ce ba komai ba ne, haka na'urar take kama fuskar mutum. Ta biyu ma haka. Ta ukun tsohuwa ce, da tsaga a kusurwa, kuma a cikinta akwatunan biyu ne.

Ɗaya na fuskarta. Ɗayan yana sama da kafaɗarta ta hagu, babu komai a cikinsa sai shuɗin tamfol na rumfar baya. Ta waiga, ba kowa. Ta koma ga gilashin, yana nan, ya ɗan karkata gefe, irin karkatar kan mai karanta farashi.

"Iska ce ke kaɗa tamfol," in ji Marleni. "Tsofaffin nan sukan ruɗe. Ɗauki sabuwa."

Eulogia ta matsa dama da kwamfutar a hannu, har tamfol ɗin ya fita daga hoton. Akwatin ya matso tare da ita. Wani daɗi ya taso mata, irin wanda rabonta da shi tun tana jin ƙarar bas ɗinsa a kwanar gida.

"Wannan nake so."

Haƙorin zinariyar ya ɓuya. Marleni ba ta ƙara taɓa kwamfutar ba, leda kawai ta miƙo, ko ciniki ba ta ja ba, abin da ba a taɓa jin 'yar kasuwar nan ta yi ba.

"Mama, lokacinsu fa bai yi ba tukuna," ta ce a hankali. "Wanda ya zo ba a kira shi ba, kin tabbata naki ne?"

"Saturnino ne. Kullum shi ke riga kowa shiga layi a tasha."

Ranar ɗaya ga wata tebur ya yi kyau, sai dai mai hassada. Baƙin ƙyalle, rake an lanƙwasa shi ya yi baka a sama, albasa mai dogon kara don ya sha ruwa a hanya, tsanin burodi na sauka da hawa, dawakan burodi, jariran burodi masu fuskar fenti, miyar wake mai yaji, giya, ganyen koka na taunawa da taba. A tsakiya, jikin hotonsa, Eulogia ta jingina kwamfutar tana kallon ƙofa.

Doña Primitiva, yayar Saturnino, ita ce mai tsara komai a dangin, ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ke Eulogia, wannan kuma fa? Ƙwallon zai kalla a can?"

"Kyautarsa ce, Yaya."

"Da ya ga wannan da ransa, da murna ce ta kashe shi, ba huhu ba." Ta gyara wani doki da ya kwanta, sannan ta sauke murya. "Kin dai san ƙa'ida. Abin da ya hau teburin nan nasa ne, gobe duk zai tashi. A ba masu addu'a, abin da ba ya bayuwa a bar masa a kan kabari. Kika riƙe ko cokali, shi kika riƙe. Baƙo raɓa ne, matar ƙanena. Wanda aka hana tafiya a kan lokaci, in ya tashi tafiya ba ya tafiya shi kaɗai."

"Na ji, Yaya."

Da tsakar rana aka buɗe ƙofa, aka kunna kyandirori, ƙararrawar coci ta kaɗa. Dangi suka zuba wa kofin giya ido suna jiran ƙuda. Eulogia kuwa gilashi take kallo. Akwatin ya bayyana a bakin ƙofa, ya ɗan sunkuya a inda dogon mutum ke sunkuyawa don kada ya bugi katako, ya ratsa tsakanin mutane, ya sauko daidai kujerar da aka bar masa. Can ya yi ƙasa, wajen kwanon miya.

Ta toshe baki da mayafi ta yi kuka, kukan daɗi. Duk wunin masu addu'a suna shigowa suna rero nasu, ana cika musu buhu da burodi, ita tana gefen kujerar tana ba shi labari ƙasa-ƙasa: wanda ya sayi bas ɗin ya lalata giyar motar, rufin ɗaki na yoyo, dankali ya yi tsada. In ta yi shiru sai akwatin ya juyo wajenta. Mutane suka ce Eulogia ta iya karɓar miji, ba wanda ya kula da abin da take kallo.

Kashegari rana ta yi ta hawa, ba ta jiran kowa. Tun da hantsi Eulogia ta kasa haɗiye ko shayi. Shekarun nan ta saba da kaɗaici har ya zame mata riga, ga shi an ɗanɗana mata zama da mutum, kuma wai ta sa hannunta ta kore shi. Wa ya taɓa ba mayunwaci loma ɗaya ya ce ya tofar?

Tsakar rana ta yi. Primitiva ta kashe kyandirori da ɓawon lemo, aka kwance rake, aka ɗaure burodin da ya rage a zannuwa don kaiwa maƙabarta. Maza biyu suka kife teburin ƙafafu sama. Mata suka karkaɗe mayafansu a bakin ƙofa suna cewa ya sauka lafiya, ya yi musu addu'ar ruwan sama.

"Ina kwamfutar?" in ji Primitiva.

"Tana cikin ƙullin da aka fita da shi."

Ƙarya take yi. Tana cikin mayafinta, manne da cikinta, da ɗumi kamar burodin da aka fitar yanzu. Ta ce su yi gaba, za ta kulle gida ta biyo su. Son zuciya dai ɓacin zuciya, amma wa ke tuna karin magana a irin wannan lokaci?

Da hayaniyarsu ta yi nisa, ta jingina kwamfutar a taga, ta jawo kujera ta zauna a gabanta. Akwatuna biyu. Nasa bai taɓa matsowa kusa haka ba, gefensa na taɓa gefen nata.

"Zauna abinka," ta ce. "Ba mai korar ka. Gobe in yi maka soyayyen kifi."

Ɗakin ya yi tsit, ko kukan karnukan unguwa babu. Sanyi ya kama ta daga kunnen hagu ya gangara wuya. Ta ga kamar hoton ya dushe, ta goge gilashin da bakin mayafi. Tagar na nan sarai, kujera na nan, ƙafafun teburin na nan. Fuskarta ce kawai ta yi fari-fari, har tana hango ƙusar da ke jikin bango ta cikin goshinta. Ta sake gogewa da ƙarfi. Ta taɓa kumatunta, ta ji su. Da ta ɗaga ido, akwatin nata na nan daram, yana bin ta duk inda ta karkata, amma babu komai a cikinsa sai bango.

Tsoro ya zo mata a makare. Ta yunƙura za ta tashi ta bi dangi, ta ji an dafa kafaɗarta, dafawar da ta sani, mai nauyi da haƙuri.

Ƙofa ta buɗe. Primitiva ce, tana haki, ta dawo daga hanya.

"Eulogia! Na kwance ƙullin nan kaf, babu ita. Eulogia? Ina kika shiga?"

"Ga ni, Yaya."

Primitiva ta dubi kujerar, idonta ya wuce. Ta leƙa ɗakin kwana, ta leƙa madafa, ta fito tana kira. Eulogia ta amsa har muryarta ta dushe. Sai Primitiva ta hango kwamfutar a taga, ta matso ta sunkuya. Nan take akwati ya kama fuskarta. A bayanta kuma ga wasu biyu, kafaɗa da kafaɗa.

Ta daɗe tana kallo. Ta yi alamar gicciye, ta share ido da bayan hannu. Sannan ta naɗe kwamfutar a zaninta, ta wangale ƙofa, ta cire mayafinta ta karkaɗe shi a bakin ƙofar.

"Ku tashi mu je," ta ce. "Ku biyun."